Kifin mala'ika na teku: me yake ci, kuma wa ke cin sa?

Tambaya: Kifin mala'ika da ke rayuwa a duwatsun murjani yana da launi mai ɗaukar ido. Yaya yake tsira daga masu farautarsa, kuma da me yake rayuwa?

Amsa: Wannan dangi, wanda masana ke kira Pomacanthidae, ya ƙunshi nau'i sama da 80 a ruwan ɗumi na tekunan Atlantika, Indiya da Fasifik, kuma ba shi da alaƙa ta kusa da mai irin sunansa da ke kogin Amazon.

Maƙiyansa su ne kifin shak, barakuda (dogon kifi mai kaifin haƙora), da manyan kifaye masu faɗin baki da ke kwanton ɓauna a ramukan duwatsun murjani. Abin da ke cetonsa shi ne siffar jikinsa, domin shafaffe ne ta gefe biyu, yana iya kutsawa cikin tsagar dutse inda babban kifi ba zai bi shi ba. Yana kuma da ƙaya mai tsini a gindin murfin da ke rufe gurbin numfashinsa, wadda ke wahalar da mai son haɗiye shi. A ganina, launin bai cika tona masa asiri ba, tun da muhallin nasa ma cike yake da launuka.

Cimarsa ta bambanta gwargwadon nau'i. Manya, waɗanda wasunsu ke kai santimita 60, sun fi dogara da soson teku (wata halitta mai kama da soso da ke manne da duwatsu), abincin da yawancin kifaye ke gudu saboda ƙananan allurai da sinadarai masu ɗaci da ke cikinsa. Suna gutsurarsa kaɗan-kaɗan da haƙora masu kama da burushi. Ƙananan da masana ke kira Centropyge gansakuka suke kiwo, waɗanda ake kira Genicanthus kuwa ƙwayoyin halittu masu shawagi a ruwa suke kamawa. Wasu matasan ma kan tsince ƙwari daga jikin manyan kifaye, har da masu farauta.

Babbar asarar tana faruwa ne tun kafin kifin ya yi launi. Da faɗuwar rana namiji da mace suke tashi sama su saki ƙwai cikin ruwa, ya ƙyanƙyashe cikin kusan kwana ɗaya, igiyar ruwa ta yi ta yawo da 'ya'yan na makonni ba tare da kulawar iyaye ba. Mafi yawansu ana cinye su a wannan lokaci. A Centropyge, namiji ɗaya ke riƙe mata da yawa, idan ya mutu kuma babbar cikinsu ta rikiɗe ta zama namiji.