Sitiyarin tsohuwar kat-kat yana rawa: me za a fara saya?

Tambaya: Malam, ina da Land Cruiser 80 ƙirar 1994, da ita nake jigila tsakanin Maradi da ƙauyukan Dakoro. Tun bayan damina, in ina gudu wajen 70 a kan kwalta taya ta faɗa rami, sai sitiyari ya kama rawa hagu da dama, gaban motar duka yana kaɗawa, kuma ba ya bari sai na kusa tsayawa. Wani makanike ya ce in sayi sabon shokozobar sitiyari, wani ya ce in canja tayoyi huɗu. Kuɗina ba za su kai duka biyun ba. Da wanne zan fara? (Wani Alhaji daga unguwar Zariya, Maradi)

Alhaji, ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna. A yadda ka kwatanta, da wuya ɗaya daga cikin biyun nan ya raba ka da matsalar.

Rawar sitiyari ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ke zuwa a hankali in an kai wani gudu, yawanci tsakanin 80 da 100, ka ji hannunka yana tsuma, in ka ƙara wuta ko ka rage sai ta lafa. Wannan ta taya ce: balansin ya tafi, ko rim ya lanƙwashe, ko laka ta bushe ta manne a cikinsa, abin da kowa ya bi hanyar ƙauye da damina ya sani. Akwai wadda ba ta zuwa sai an taka birki, mafi yawa faifan birki ne ya karkace. Taka daban ce. Rami ne ke tayar da ita, kuma in ta tashi ba ta kwanciya sai gudu ya mutu. Ma'anarta wani ƙarfe a ƙasan gaban motar ya yi sako-sako, ramin ya buge shi, ƙafafun biyu suka shiga jifar juna da motsin.

Dalilin da ya sa ta fi kama irin motarka shi ne ƙirar gabanta. Land Cruiser 80, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1990, ƙafafunta na gaba a kan ƙarfe guda suke, haka ma tsohuwar Nissan Patrol da tsohuwar Hilux mai sifirin faifai. Abin da ya taɓa taya ɗaya, ɗayar ta ji. Ƙarfin da ake yabon motocin nan da shi a cikin yashi daga nan yake, rawar ma daga nan take.

Binciken farko ba ya cin ko dala. A tsayar da motar a kan daɓe, tayoyinta a ƙasa, a ja birkin hannu a sa waigi. Yaron mota ya zauna yana murɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, hagu dama, hagu dama, ba tsayawa. Kai da makaniken ku durƙusa a gaba da tocila. Akwai wata sanda da ta gitta daga jikin shasi zuwa ƙarfen ƙafafun, ana ce mata Panhard, aikinta hana gaban zamewa gefe. Ku zuba wa bakunanta biyu ido. In ka ga sandar tana motsi kafin jikin motar ya motsa, ko ka ɗora yatsa ka ji "ƙwas, ƙwas", to bushin, wato robar da ke cikin bakin sandar, ya mutu ko noti ya saki. A cire kusar a duba ramin da take shiga. Sau da yawa za ka tarar ramin da ya kamata ya zama da'ira ya koma kamar ƙwai saboda gogayya, kuma in haka ne, ko an sa sabon bushin rawar za ta dawo sai an gyara ramin. Daga nan ku bi kawunan tayarod, wato sandunan da ke kai murɗin sitiyari ga ƙafafun, ɗaya bayan ɗaya: wanda robarsa ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga, zai nuna kansa da ɗan tsalle.

Sai a ɗaga gaban da jak, a tokare da abin da ba zai zame ba (ba na son ganin mutum a ƙarƙashin mota mai fiye da tan biyu jak kaɗai ke riƙe da ita). A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In akwai wasa, wani ya taka birki a sake girgizawa. Wasan ya ɓace? Boris ɗin taya ne, sau da yawa ɗaurewa da giris kawai yake so. Wasan yana nan? To boris biyun nan ne na sama da na ƙasa waɗanda ƙafar ke juyawa a kansu in an karya kwana. Nan ne tsofaffin Land Cruiser suka fi ciwo, nan ne kuma masu gaggawa suka fi tsallakewa, don aikin yana da datti: sai an kwance ƙafar gaba ɗaya, an wanke, an daidaita matsinta da siraran farantan ƙarfe da ke ƙarƙashin murfin. Alamarsa ko ba a kwance ba, ka leƙa ƙwallon ƙarfen da ke bayan taya. In ka ga baƙin giris ya cuɗe da mai yana ɗiga har kan rim, ƙafar ta daɗe tana neman a buɗe ta.

Shokozobar sitiyari kuwa aikinsa shanye bugun hanya kada ya iso hannunka. Sabo zai iya danne rawar na ɗan lokaci, har ka ce makaniken ya iya aiki, alhali abin da ya saki yana can yana ƙara cinyewa. Kamar mai zazzaɓin cizon sauro ne a ba shi maganin ciwon kai. In tsohon yana zubar da mai, a canja shi, amma bayan an gama gyara, ba kafin ba. Tayoyi kuma, kafin ka sayi ko ɗaya, ka sa mai faci ya mayar da na baya gaba, na gaba baya, a daidaita iska. In rawar ta canja hali, taya na da hannu a ciki. In ba ta canja ba, kuɗin tayoyi huɗu sun tsira.

Abu ɗaya da ba ka faɗa ba: an taɓa ɗaga motar da dogon sifirin don ta ƙara ɗaukar kaya? Ɗagawa na rage kwanciyar da aka yi wa ƙafar gaba, wadda ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa, kuma motar da aka yi wa haka ɗan sako-sako kaɗan ya ishe ta rawa.

Kafin a gyara, kada ka ɗauki fasinja. In ta kama ka a hanya, riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur, ka rage gudu sannu a hankali. Kada ka danna birki da ƙarfi.

Tambaya: An yi mini tayin Hilux mai sifirin faifai, ta shigo ta Kwatano. Mun gwada ta a hanyar Tibiri, sitiyarin yana ɗan rawa, dillali ya ce balansin ne kawai. In saya? (Wani matashi daga Madarumfa)

Ɗan'uwa, in balansin ne kawai, aikin ƙasa da awa ɗaya ne, ya je ya yi da kuɗinsa ku sake gwadawa. Dillalin da ya ƙi wannan ya san abin da ya sani. Ka je da makanikenka, ba nasa ba. A irin wannan Hilux babu sandar da na ambata a sama, sifirin ne ke riƙe da gaban, don haka a duba bushin ɗinsa da kusoshin da suka ɗaure shi. Duk waɗannan abin ciniki ne, a rage maka kuɗin gyara. Wanda ba na ciniki ba shi ne tsagewa ko sabon walda a shasi daidai inda akwatin sitiyari ya zauna. In ka ga wannan, ka yi musu sallama.

Tambaya: Tayar gwanjo mai kauri ko sabuwa mai araha? (Wata Hajiya daga Tasawa)

Hajiya, kaurin zane ba ya nuna shekaru. A gefen kowace taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016. Tayar da ta haura shekara shida, ga zafin kwaltarmu a watan Afrilu, ba zan sa ta a gaba ba ko da kyauta ce. In kuɗin na biyu ne kacal, ki sayi sababbi biyu iri ɗaya, girma ɗaya, a sa su a layi ɗaya, ɗaya hagu ɗaya dama, kuma direbanki ya tsaya a kai har a yi musu balansin kafin a ɗaura.