Tambayi Likita: Asma, Atishawa da Magungunan Haɗi

Tambaya: Likita, ni manomin shinkafa ne a Argungu. Da an fara casa, ko hazon hunturu ya sauko, sai ƙirjina ya riƙe, numfashina ya dinga fito. Shekara shida ina fesa Ventolin, yanzu kusan kullum. A asibiti an ƙara mini Seretide, wai magani biyu ne a ciki. Na fesa ta ranar da abin ya taso, ban ji komai ba, sai na jefa ta a akwati.

Amsa: Malam, koma ka ɗauko ta. Abu biyu ke faruwa a ƙirjin mai asma: hanyoyin iska suna tsukewa, cikinsu kuma a kumbure yake. Shuɗiyar inhelarka, wato Ventolin ɗin da kake fesawa, salbutamol ce, tana buɗe hanya cikin mintoci, bayan kamar awa huɗu ƙarfinta ya tafi, kumburin kuwa ko taɓa shi ba ta yi. Shi ya sa kullum kake komawa gare ta.

Seretide ta haɗa fluticasone, mai lafar da kumburi, da salmeterol, mai riƙe hanya a buɗe kusan awa 12. Ba ta gaggawa ba ce. Safe da dare ake fesa ta, ko da lafiyarka lau, kuma sai an ɗauki kwanaki ko makonni kafin ka lura barcinka ya daidaita. Shuɗiyar ta zauna a aljihu don ranar da abin ya taso. Akwai wata, Symbicort, mai budesonide da formoterol. Shi formoterol yana da saurin aiki, don haka likita kan iya ba mutum ita kaɗai ta yi ayyukan biyu. Tun 2019 ƙungiyar GINA, mai tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar baligi ya dogara da shuɗiyar kaɗai.

Ka riƙa kurkure baki ka tofar bayan kowace fesawa, don gudun farin kumfar baki da dishewar murya. A wurin casa ka sa takunkumi. Ranar da ka fesa shuɗiyar ba ta yi ba, magana ta gagare ka ko leɓɓanka suka sauya launi, a kai ka asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Mahaifiyata a Jega tana shan wani haɗi da mai kemis ke ƙulla mata a leda. Tarin yana lafawa, har ta yi kumatu. Mu ci gaba?

Amsa: Kumatun nan su suka tayar mini da hankali, ɗiyata. Sau da yawa irin wannan ƙullin akwai prednisolone ko dexamethasone a ciki, masu kumbura fuska. Muna ba da su na 'yan kwanaki idan asma ta tsananta, amma shan su wata da watanni yana kawo hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Wani ma ya jefa diclofenac ko asfirin, alhali akwai masu asmar da su ke tayar musu da ita. Kada Mama ta daina rana ɗaya, domin jiki ya saba, yankewa farat ɗaya na da haɗari. Ku kai ta asibiti da ledar a hannu, a rage mata a hankali.

Tambaya: An rubuta wa ɗana ɗan shekara 14 ƙwaya mai montelukast da levocetirizine saboda atishawa da yoyon hanci. Sun tsaya, amma yana firgita cikin barci.

Amsa: Hajiya, a dakatar da ita, ku koma wurin likitan. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan montelukast saboda munanan mafarkai, fushi da sauyin hali. Ba kowa yake samu ba. Mai yiwuwa feshin hanci ko levocetirizine kaɗai ya wadatar da shi. A kuma rage turaren wuta da hayaƙin maganin sauro a ɗakin da yake kwana.

Tambaya: Ni direba ne, Birnin Kebbi zuwa Yauri. Maganin mura na haɗi yana sa ni gyangyaɗi.

Amsa: Duba jikin kwalin, mai yiwuwa za ka ga chlorpheniramine, wato abin da ke cikin Piriton. Kada ka sha shi ka riƙe sitiyari. Loratadine ta fi dacewa da aikinka.