Tambaya da Amsa: Za mu iya zuwa ganin jami'a mu dawo Legas a rana ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Ni ɗan kasuwa ne a nan Agege, ina da yarinya sunanta Ummi tana ajin ƙarshe a sakandare kuma bana za ta zana JAMB, kullum maganarta likitanci, amma wallahi ba ta taɓa taka cikin wata babbar jami'a ba, a nan aka haife ta ko dutsen kirki ba ta taɓa hawa ba sai gadar sama. Ina so in ɗauke ta da ƙannenta 2 mu je garin da ke da jami'a da duwatsu su buɗe ido mu dawo a ranar don ba zan iya barin shago kwana biyu ba. Wani abokina ya ce Ife wani ya ce Ibadan, wanne ka ga ya fi kuma yaya za mu tsara tafiyar? Na gode. Baban Ummi, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Baban Ummi, Allah ya saka maka da alheri da wannan tunani, gaskiya wasiƙarka ta faranta min rai.

Ibadan za ku je. Wanda ya ce maka Ife bai yi ƙarya ba, jami'ar Obafemi Awolowo tana da kyau sosai ga duwatsu a bayanta, amma sai ka wuce Ibadan da fiye da awa guda kafin ka kai, in ka haɗa zuwa da dawowa kun ƙarar da yinin a mota yara sun galabaita. Ibadan kuma, Badun inji tsofaffinmu, duwatsunta ba irin na Jos ba ne kada ka yi wa yara alkawarin da ya wuce kima, tuddai ne garin ke zaune a kansu ana ce musu tuddai 7, amma ga yaron da ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin Agege ai sun isa abin kallo.

Maganar hanya, tunda a Agege kake an ma sauƙaƙa maka, jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 yana tasowa daga Ebute Metta ya tsaya a tashar Agege, ya tsaya Abekuta, ya sauke ku Moniya, tafiyar awa biyu da rabi ce ko kusa da haka, ga sanyin AC ga wurin zama kowa da nasa. Na safe yakan tashi wajen ƙarfe 8 na dawowa kuma wajen 4 na yamma, amma ka duba jadawalin ranar da za ku tafi kafin ka sayi tikiti, ana saye ta intanet kuma ka riƙe lambar NIN ɗinka kusa. Matsalar guda ce, in ka ce da jirgin za ku dawo to abin da ke hannunku bai wuce awa 4 ba a cikin gari, shi ya sa ni shawarata ku tafi a jirgi ku dawo a mota, yaran sun ɗanɗana jirgi kai kuma ba ka ta kallon agogo kana tsawa. Kuma ku je Talata ko Laraba lokacin da makaranta ke ciki ba lokacin hutu ba, kada ku je Juma'a ko ƙarshen mako, na farko jami'a ba ta da armashi in babu ɗalibai, na biyu kai ma ka san yadda gosulo ke kamawa a babban titin nan daga Mowe zuwa Berger in an yi taron coci.

Daga Moniya ku ɗauki shatar tasi, irin ƙananan Micra ɗin nan nasu, ta Ojoo ta sauke ku a babban get ɗin jami'ar Ibadan, wato UI, da ke kallon Agbowo. Ku yi ciniki kafin ku shiga.

Ka fara da jami'ar tun da sauran ƙarfi a jikinku don ita ce dalilin tafiyar. UI ita ce jami'a ta farko a Najeriya, an buɗe ta 1948 a matsayin kwaleji ƙarƙashin jami'ar Landan, kuma ɗalibanta na farko su 104 daga nan Legas aka kwashe su, daga kwalejin Yaba, sai 1962 ta tsaya da ƙafarta. Daga get titi ne miƙaƙƙe da itatuwa har zuwa inda hasumiyar agogo take kusa da zauren Trenchard, in yara za su iya ku taka da ƙafa kawai. Abin da nake so ka nuna wa Ummi da yatsa shi ne sunayen da ke jikin gine-ginen, akwai ɗakin kwanan ɗalibai da ake kira Sultan Bello, sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu ne, akwai Tafawa Balewa, wanda shi ne ma uban jami'ar na farko bayan ta samu cin gashin kai, akwai na Abdulsalami Abubakar, kuma Farfesa Jibril Aminu a nan ya yi karatun likita ya gama a 1965. Na dage a kan wannan ne saboda yaranmu da suka tashi a Kudu da yawa suna da wani tunani a ransu cewa irin wuraren nan na wasu ne, su nasu shago ne ko aure da wuri, kuma ba laifinsu ba ne tunda ba wanda ya taɓa kai su ya ce ga shi ku gani.

Ku tsaya a gaban laburaren Kenneth Dike ko da ba a bar ku kun shiga ba, don sai da kati ko izini. Ka dubi bangon da kyau, siminti ne aka yi masa huji-huji kamar rariya daga sama har ƙasa yadda iska za ta riƙa ratsawa rana kuma ba ta bugun mai karatu, in hantsi ya ɗaga za ka ga inuwar ta zubo a baranda kamar zanen tabarma, wasu Turawa ne mata da miji Maxwell Fry da Jane Drew suka zana gine-ginen tun AC bai yaɗu a nan ba. A cikin laburaren nan akwai tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na hannu da aka tattaro daga Arewa, ciki har da littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Bello, wannan kaɗai ni yana sa in ji wurin kamar gida.

Shekaran baya na kai ɗiyar yayata, ita ma a lokacin tana shirin JAMB, na yi ta zuba mata tarihi tana gyaɗa kai kawai, sai da muka je masallacin jami'a yin azahar ta ga wata ɗaliba da hijabi har ƙasa ta rataya farar rigar lab a hannu tana sauri, ta je ta gaishe ta suka tsaya a bakin famfon alwala sun fi minti 20 suna magana, a hanyar dawowa ba ta da zance sai na wannan yarinyar, makin da ta ci, sau nawa ta zana jarabawa, yadda take raba lokacin karatu. To ka ba Ummi wannan damar, in kun idar da salla ka ja gefe da ƙannenta ka bar ta ta yi tambayarta a ɓangaren mata, ɗalibai ba sa ƙin amsawa in an yi musu sallama da ladabi. Za ta ji daga bakinsu cewa UI ba ta kallon wanda ya ci ƙasa da 200 a JAMB, likitanci kuma sai an wuce haka nesa ba kusa ba sannan ga jarabawar tantancewa ta jami'ar a gaba, gara ta ji tun yanzu ta ɗaure ɗamara. Asibitin koyarwarsu UCH ba a cikin harabar yake ba yana cikin gari, in direbanku ya bi ta gabansa ka nuna mata.

Ƙananan kuma akwai gidan zoo a cikin jami'ar ana biyan kuɗin shiga, awa ɗaya ta ishe su.

Daga nan sai dutse. Ku ce wa mai tasi Oke Are, hasumiyar Bower, mutanen gari suna ce mata Layipo. A kan tudun da ya fi kowanne tsawo a cikin gari take, an gina ta 1936, tsayinta ƙafa 60, matakalar ciki a murɗe take kuma matsattsiya mutum ɗaya ɗaya ake hawa, ka sa yaran a gaba kai kana baya kuma Ummi ta tattare hijabinta da hannu kada ta taka. In kun fito sama za ku ga Ibadan gaba ɗaya a shimfiɗe, kwanukan rufi jajaye da tsatsa iya ganinka suna hawa tudu suna gangarawa, ga zauren taro na Mapo a kan nasa tudun, ga Cocoa House can Dugbe mai hawa 26 ya yi zuru shi kaɗai, iska kuma tana kaɗawa. Da damina ya fi kyau don sama a wanke take, da hunturu hazo yana rufe rabin abin, sai dai in hadari ya haɗo kada ku hau.

Abinci kada ka wahalar da kanka, ku gangara Sabo kusa da Mokola, unguwar Hausawa ce tun 1916, fataucin goro da shanu ne ya kafa ta kamar dai yadda goro ya tara mutanenmu a Agege, za ku samu tsire da masa da tuwo ku yi la'asar a masallaci, in kuma yaran na son amala da miyar gbegiri da ewedu ai sun zo gidansa. Bodija da Agodi da sauran wuraren da za a ce maka kada ka bari ka bar su sai wani zuwan, yini ɗaya ba ya ɗaukar su.

Ƙarfe 4 da rabi ta yi muku a tasha, Iwo Road ko Challenge, ku hau motar da ke lodi a cikin tasha kada ku tare ta bakin titi don arha, titin bai kai kilomita 130 ba zuwa Berger in hanya ta yi kyau kuna gida kafin isha. Ka sai wa Ummi ɗan littafi da biro tun a Agege ta riƙa rubuta abin da ɗaliban suka faɗa mata, in kun dawo a rubuto min yadda aka yi. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya ba ta sa'a.