Filin Tambaya da Amsa: Ina Ƙarfin Jiki Yake Fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne. An koya mana cewa abinci ke ba jiki ƙarfi. To me ya sa mutum ke mutuwa cikin 'yan mintuna in numfashinsa ya tsaya, alhali cikinsa a cike yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan uwa, ƙwayar halitta ba ta san abinci ba, wani sinadari mai ɗauke da ƙarfi da ake kira ATP ta sani. Shi tsoka ke kashewa in za ta motsa, da ƙarfinsa ake ƙera furotin. Jiki kuma ba ya tara shi da yawa. Wanda ke cikin tsoka bai wuce na 'yan daƙiƙun aiki mai tsanani ba, sai dai a yi ta sabunta shi dare da rana, har mutum ya juya kusan nauyin jikinsa na ATP a kwana guda.

Aikin samar da ATP daga abinci hawa biyu ne. A hawan farko, a cikin ruwan ƙwayar ake tsaga sukarin gulukos mai kabon 6 gida biyu, a matakai 10. Ana zuba jarin ATP 2, a samu 4. Riba 2 ke nan, kuma ba a buƙatar oksijin.

Babbar ribar tana hawa na biyu, cikin mitokondiriya, wato wasu ƙananan jakunkuna da ke cikin ƙwayar. Nan gutsattsarin ke shiga zagayen da Hans Krebs ya bayyana a 1937: kabon ya fita a iskar da muke fesarwa, a kwashe ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. Su kuma sai su bi jerin furotin da ke jikin tantanin cikin mitokondiriyar, suna tura haidirojin zuwa ɗaya gefen, kamar ana tara ruwa a bayan madatsa. In zai dawo, ƙofa ɗaya gare shi: wani enzayim, wato furotin mai gudanar da aiki, da ke juyawa kamar farfela, kowane zagaye ya fitar da ATP 3. Gulukos ɗaya sai ya ba da kusan 30.

Oksijin yana can ƙarshen layi, shi ke karɓar ilektoron ya zama ruwa. Da zarar babu shi, layin ya cushe, riba ta faɗo daga 30 zuwa 2. Ƙwaƙwalwa, mai cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin jiki, ba za ta rayu da wannan ba. Gubar sayanaid ma furotin ɗin ƙarshen layin take toshewa: ga oksijin a jini, ba damar amfani da shi.

Tambaya: Na bar cin maiƙo amma ban bar zaƙi ba, ƙiba kuwa sai gaba take yi. Yaya haka?

Amsa: 'Yar uwa, rumbun sukari ƙarami ne. Hanta na ajiye kusan giram 100 a matsayin gilaikojin, wato gulukos da aka jona don ajiya, tsoka kusan 400. In sukari ya yi yawa, insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, na sa jiki ya ƙona shi tukuna, ya ƙyale kitsen da ke ajiye. Rarar kuma hanta ta mayar da ita gutsattsari masu kabon bibbiyu, ta jona su su zama kitse. Hanyar ba ta komowa: jikin mutum ba ya mayar da kitse gulukos, in ban da wani ɗan ɓangaren kitsen da ake kira giliserol. Sai dai a ƙona shi, kuma kusan kashi 84 cikin 100 na nauyinsa ta huhu yake fita, sauran ya zama ruwa. Shi ya sa yawan gumi ba shi ne shaidar narkewar kitse ba.

Tambaya: Da gaske ne sinadarin laktet ke sa ciwon jiki washegarin motsa jiki?

Amsa: A'a. Tsoka na yin laktet ne don hawan farko na tsaga sukari ya ci gaba in aiki ya yi tsanani, kuma cikin kamar sa'a guda jini ya kwashe shi, zuciya ta ƙona wani, hanta ta mayar da wani gulukos. Ciwon washegari daga ƙananan yagewar zaren tsoka yake, da kumburin da ke biyo baya.