Amsa ga mai tambaya kan Dungeon Meshi: girkin nan shi ne labarin

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya da dare. Ka ce ka gama zangon farko na Dungeon Meshi, shirin zane mai motsi na Japan, kashi 24 ɗin nan da Studio Trigger suka fitar daga Janairu zuwa Yunin 2024, amma kana ganin kashi goma na farko ɓata lokaci ne, girke-girken dodanni kawai, sai da aka kai ga jan diragon labari ya fara. Kuma kana mamakin masu cewa an shuka komai tun daga farko. Ni sau uku na kalle shi, na farko duk ranar Alhamis lokacin da yake fitowa, na biyu ni da ƙanwata a waya ɗaya, na uku ni kaɗai ina tsayarwa ina komawa baya. Wanda bai gama zangon farko ba ya dakata a nan, don zan tona abubuwa da yawa. Abin da ke gaba a manga, wato littafin zanen da aka ɗauko shirin daga ciki, kuwa ba zan taɓa shi ba.

Fara da dokar da aka kafa a kashi na 1. Diragon ya haɗiye Falin, ƙanwar Laios, jagoran ayarin da labarin yake bi. A cikin wannan kogon na ƙarƙashin ƙasa mutuwa ba ta zama ƙarshe, domin akwai sihirin da ya ɗaure kurwa a jikin gawa, ana iya tayar da mutum. Sharaɗin shi ne a iske ta kafin cikin dodon ya narkar da ita. Wannan ne ya sa suke sauri, ba kuɗi ba guzuri, har suka koma cin dodanni. To riƙe wannan ka tsallaka zuwa kashi na 24. Falin ta haɗe da diragon sun zama halitta ɗaya, kuma dabarar da suka tsayar ta raba su ita ce a cinye ɓangaren diragon, tunda abin da aka ci ya narke ba ya tashi. Dokar da ta zama abin tsoro a ranar farko ita ce ta zama mafita a ranar ƙarshe. Har Senshi ma, mai girkin da suka haɗu da shi a kogon, me ya sa ya bi su tun farko? Ya ce ya daɗe yana burin dafa jan diragon. Mun ɗauka raha ce, ashe Ryoko Kui, wadda ta zana labarin a mujallar Harta daga 2014 zuwa 2023, hannunka mai sanda take yi mana.

Takobin Laios ma haka. A kashi na 3 ya gano cewa sulken da ke tafiya da kansa ba tsafi ke motsa shi ba, wasu halittu ne masu kama da dodon koɗi suke zaune a tsakanin ƙarfen. Ya ɗauki takobi mai siffar fuka-fuki a ƙota, da irin halittar a ciki, ya ɓoye wa abokansa, ya raɗa masa suna Kensuke. Sai a kashi na 21, a Ƙasar Zinariya, Yaad, jagoran mutanen wurin, ya gaya musu cewa an yi bushara da wani mai takobi mai fuka-fuki da zai kayar da mahaukacin matsafin da ke mulkin kogon ya 'yantar da zaki mai fuka-fuki. A kallo na uku na riƙa lura da bango da gumaka da maɓuɓɓugan ruwa, zakin nan yana ta bayyana a bayan fage tun kafin kowa ya ambaci sunansa. Haka zanen da ke da rai a kashi na 6. Laios ya shiga ne don neman abinci, ya ratsa haihuwar Delgal da bikinsa da naɗinsa, wani elf, wato ɗan jinsin nan masu dogayen kunnuwa, ya tsare shi da ido ya kai masa hari. Elf ɗin nan shi ne Thistle, mahaukacin matsafin da kansa, kuma Delgal shi ne mutumin da aka ba da labarinsa a mintin farko na fim ɗin, wanda ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya yi alkawarin mulkinsa ga duk wanda ya kayar da matsafin, sannan ya zama ƙura. Thistle yana nan yana nemansa, bai san ya tafi ba. An nuna mana babban abokin gaba tun ana cikin dariyar yunwar Laios.

Amma ni inda abin ya fi kama ni shi ne Senshi, kuma a nan nake so ka zauna.

Duk tsawon tafiyar, mutumin nan yana da halaye da muka ɗauka na tsoho mai taurin kai ne. Ba ya yarda a tsallake abinci. Yana kallon Chilchuck, mai buɗe musu makullai da kwance tarko, a matsayin yaro yana tura masa ci, alhali Chilchuck shekararsa 29, wanda a jinsinsu na haf-fut, masu ƙaramin jiki, magidanci ne. Tukunyarsa garkuwa ce ta ƙarfe mai tsada aka mayar abin girki, har Namari, tsohuwar 'yar ayarinsu masaniyar makamai, ta kusa haukacewa da ta gani. A kashi na 4 yana noma kayan lambu a bayan golem, dodon da aka yi da ƙasa, yana share makewayin kogo yana kai taki, ba ya ɗibar abin da ya wuce bukata. A kashi na 7 yana da dokin ruwa da ya saba ciyarwa, ya sa masa suna Anne, ya amince da shi, Laios ya gargaɗe shi, dokin kuma ya ja Senshi cikin ruwa zai cinye shi.

Sai kashi na 22 da 23 suka zo. Da aka ambaci girifin, dodo mai kan gaggafa da jikin zaki, mutumin da bai taɓa razana da dodo ba ya firgice. Ashe yana matashi ya shigo kogon tare da ayarin masu haƙar ma'adinai, shi ne ƙaraminsu. Suka maƙale, wani dodo yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yunwa ta ci su har suka yanka dokinsu, wanda sunansa Anne. Manyan suna ba shi kaso mafi tsoka saboda shi ne yaro. A ƙarshe Gillin, shugabansu, ya kawo masa nama ya ce na dodon ne, ya fita bai dawo ba. Senshi ya rayu da wannan romon, ya kuma rayu shekara da shekaru da tambayar da ba ya iya faɗa wa kowa: anya ba naman ɗan'uwansa ya ci ba? Duk girkin dodannin da yake yi, a ƙasan zuciyarsa ɗanɗanon nan yake nema, kuma yana tsoron samunsa. Laios, wanda kowa ke ganin ba shi da kan gado wajen magana da mutane, shi ne ya ce a dafa a ɗanɗana. Aka dafa girifin, ɗanɗano bai yi daidai ba. Sai Laios ya gane cewa dodon asalinsa hifogirif ne, mai rabin jikin doki, wani naman kaza mai sauya halitta ne ya canja shi. Aka mayar da naman asalinsa, aka sake dafawa, Senshi ya kurɓa, ya fashe da kuka.

Muna kallon wurin nan da ƙanwata, kan tabarma, wayar jingine da kwanon sha, sai ta ce a tsayar. Ta ce mini, Yaya, ka tuna lokacin da Umma take cewa ta ƙoshi, ta tura mana kwanon? Na tuna. Ba mu ci gaba da kallon ba sai bayan wani lokaci. Daga ranar, duk inda Senshi ya ce dole a ciyar da yara, ba na jin sa kamar da. Abin da aka yi masa ne yake biya. In ka cire kashi goma na farko, wannan romon ba zai sa kowa hawaye ba.

Marcille, matsafiyar ayarin, da Falin kuwa, kashi na 8 ne mabuɗinsu. A makarantar sihiri Marcille ce gwanar aji, Falin kuma yarinyar da ke tsere wa darasi tana dawowa da ƙasa a tufafi. Amma a gwajin kiwon ruhohi cikin kwalba, ta Falin ce ta fi ta kowa, domin ta kwaikwayi wani ɗan kogo na gaske da take zuwa. Ta kai Marcille can, ta ba ta 'ya'yan itace, ta hana ta ƙona halittun da ke ciki, saboda kowannensu yana ciyar da wani. Shi ya sa a kashi na 12, da suka tarar da ƙasusuwa kawai, ban yi mamakin ganin Marcille ta yanka hannunta ta yi amfani da haramtaccen tsohon sihiri da naman diragon ba. A daren ma an nuna mana akwai matsala, wuta ta tashi Falin ta kare su da ƙarfin da ba ta da shi a da. Mafarkin Marcille a kashi na 19 ya ƙarasa bayanin, yarinya ce da ke tsoron kowa zai mutu ya bar ta. Ka riƙe wannan mafarkin da kyau kafin zango na biyu.

Na Shuro, tsohon ɗan ayarinsu, gajere ne amma yana da zafi. Laios ya ɗauke shi babban amini, shi kuwa haƙuri kawai yake yi da shi, ko sunansa ma Toshiro ne, Laios ne ya ji ba daidai ba ya bi shi da Shuro. Da suka dambace a kashi na 17, Laios ne ya yi nasara, kuma dalilin da ya bayar shi ne yana cin abinci sau uku yana barci, Shuro kuwa ya hana kansa ci saboda damuwar Falin. Kabru kuma, jagoran wani ayari daban, kishiyar Laios ne, yana karanta zuciyar mutum kamar allo amma dodanni suna ta kashe shi.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne tafiyar farkon tana da sanyi, kuma wanda ya zo neman faɗa daga kashi na 1 zai ƙosa. Ni ma a kallon farko na kusa tsallake kashi na 4. Shawarata, kada ka sake kallon duka yanzu. Ka kalli 23, sannan ka koma 4 da 7 a zama ɗaya, ka sa ido kan hannun Senshi lokacin rabon abinci, ka ga wa yake fara miƙa wa da abin da yake cewa. In ka gama ka dawo nan ka gaya mini abin da ka gani, ina son jin ra'ayinka kan Chilchuck ma, musamman abin da ya faru tsakaninsa da Leed, jarumar da ta cece su, a kashi na 13.