Ɗana yana da sikila, bizata kuma ta hana ni kuɗin gwamnati: me ya rage mana a Ingila?

Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Birmingham da maigidana da ɗanmu mai shekara huɗu. Yaron yana da sikila, bara kuma ya samu shanyewar ɓarin jiki, har yau jan ƙafar hagu yake yi. Dole na ajiye aikina a gidan kula da tsofaffi, don da wuya mako ya wuce ba mu kwana biyu ko uku ido biyu ba. Maigidan direban bas ne, yana da takardar zaman dindindin tun kafin aurenmu. Ni bizar aure ce da ni, an rubuta a ciki ba ni da damar karɓar tallafin gwamnati. Wata nas ta ce mu nemi taimako, matan unguwa kuma sun ce in na kuskura za a hana ni takarda baɗi, ko ma 'yan soshiyal, ma'aikatan hukuma masu kula da walwalar yara, su ɗauke yaron. Maganar wa zan ɗauka?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaro lafiya, ya saka miki da alheri.

Matan unguwa ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, sun dai haɗa abubuwa biyu a tukunya ɗaya. Akwai kuɗin da ake ba yaro, akwai wanda ake ba mai jinyarsa, kuma doka takardar mai haƙƙin take dubawa. Sharaɗin da ke cikin bizarki ke kaɗai ya ɗaure. Bai hau kan mijinki ba, bai hau kan ɗanki ba.

Tun da an haifi yaron a Ingila lokacin da babansa ke riƙe da takardar dindindin, ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa, bisa dokar zama ɗan ƙasa ta 1981. Ki ɗauko takardar haihuwarsa ki gwada kwanan watanta da na takardar baban, don dukkan maganata a kan wannan ta tsaya. In ta tabbata, yana da haƙƙin kuɗin da ake kira DLA, na yara 'yan ƙasa da shekara 16 masu buƙatar kulawa fiye da sa'o'insu. Ba a duban albashin iyaye, ba a cire haraji. Ana so lalurar ta kai wata uku, kuma ana sa ran za ta ƙara shida. A adadin da aka sa a Afrilun 2025, ɓangaren kulawa hawa uku ne: fam 29.20, fam 73.90, da fam 110.40 a mako. Ɓangaren tafiya babban hawansa fam 77.05 ne, ana ba da shi daga shekara uku, ƙaramin kuma sai yaro ya cika biyar. Duk Afrilu ake sabunta kuɗin.

Wanda zan ce kada ki taɓa shi ne Carer's Allowance, kuɗin mai jinya, fam 83.30 a mako a adadin Afrilun 2025. Ba don ba ki cancanta ba, sa'o'i 35 na jinya a mako da ake nema na san kin ninka su. Amma da sunanki za a nema, yana kuma cikin jerin da aka hana mai irin bizarki, karɓarsa saɓa sharaɗi ne da zai iya taso miki ranar neman dindindin. Maigida doka ba ta hana shi ba, sai dai mai karɓa bai kamata abin da yake samu ya wuce iyakar da aka sa ba, wadda a Afrilun 2025 fam 196 ce a mako bayan an cire haraji da makamantansa, direban bas mai cikakken aiki kuwa ya wuce nan. Dokar ba ta da sassauci: fam ɗaya ya hau sama, kuɗin makon gaba ɗaya ya tafi. Dubban masu jinya a ƙasar nan sun wayi gari hukumar DWP, mai biyan waɗannan kuɗaɗen tallafi, na bin su bashin da ba su san sun ci ba saboda haka.

Abin da maigida zai iya nema shi ne Child Benefit, kuɗin renon yaro, in ba a riga an nema ba, da Universal Credit, tallafin gidaje masu ƙaramin ƙarfi. Na biyun zai shigar da ke a bayani, a lissafa abin da kike da shi, amma a biya shi a matsayin mutum ɗaya. Yaro na samun DLA, ana ƙara wani kaso na musamman a ciki, don haka gidan da a da albashi ya fitar da su daga lissafi, wani lokaci sai su shigo.

Yanzu ga inda aikin yake, fom ɗin DLA. A nan mutanenmu suke faɗuwa, kuma ba Turanci ne ke kayar da su ba, kawaici ne. An tarbiyyantar da mu in an ce ya mai jiki mu ce da sauƙi, ko da a kan benci muka kwana a asibiti. Uwa ba ta lissafa wahalar ɗanta, kunya take ji, gani take kamar ƙorafi ne ga ƙaddara. To ma'aikacin da zai karanta fom ɗin bai san yaron ba, ba kuma sunan ciwo yake biya ba. Kalmar sikila kaɗai ba ta kawo ko kwabo. Abin da yake nema shi ne me kike yi wa yaron nan wanda uwar lafiyayyen ɗan shekara huɗu ba ta yi, sau nawa, na minti nawa.

Don haka ki sayi ɗan littafi ki ajiye kusa da gado, ki yi mako biyu kina rubutawa. Ƙarfe biyu da kwata ya farka yana kukan ƙafa, na ba shi maganin ciwo, na ɗora masa robar ruwan zafi, na yi ta matsa masa har uku saura. Ƙarfe huɗu ya jiƙa shimfiɗa, na canja zani na sake masa kaya. Da safe penisilin da folik asid, sai da lallashi na minti goma. Bin sa da kofin ruwa wuni guda, auna zafin jiki, ɗaukarsa a matakala, atisayen ƙafar da aka koya miki, ranakun ƙarin jini, duk su shiga. Dare yana da nauyi a dokar: taimakon da ya kai kamar minti ashirin, ko tashi sau biyu ko fiye, shi ake ƙirgawa, kuma haɗuwar buƙatar dare da ta rana ce ke kai yaro babban hawa. Sikila ciwo ne mai zuwa ya lafa, saboda haka kada ki kwatanta ranar da ya tashi garau kaɗai, kada kuma ki ce kullum a kwance yake. Ki faɗi kwana nawa a wata ake shan wuya. A tafiya ki auna da ido: daga ƙofar gida zuwa ina yake kaiwa kafin ya tsaya? Ki haɗa da kwafin wasiƙun likitan jini da na mai gashin ƙashi da na nazare.

Ku buga waya ku nemi fom ɗin maimakon ku sauke shi a intanet. Ranar kiran ce za ta zama ranar farawa, muddin kun mayar cikin mako shida.

Shawarata a sa sunan maigida a matsayin mai karɓa a madadin yaro. Ko da naki aka sa ba laifi ba ne, haƙƙin na yaro ne. Amma akwai riba a ɗaya hanyar. Kin ajiye aiki, kuɗin gida ya ragu, ga neman dindindin na tafe da sharaɗin albashi, fam 18,600 ga waɗanda suka shigo tsarin kafin Afrilun 2024, fam 29,000 ga na baya. A ƙa'idar ma'aikatar cikin gida, in mijin da ya ɗauki nauyinki yana karɓar DLA a madadin ɗansa, ana ajiye wancan adadi a duba kawai ko kuna da abin da zai riƙe ku daidai gwargwado.

Maganar 'yan soshiyal kuwa, na san tsoron, na kuma san labaran da ke yawo a WhatsApp. Ɗauke yaro magana ce ta cutarwa mai tsanani, kuma sai ta bi ta kotu, in ban da 'yan kwanakin gaggawa da 'yan sanda ke iya yi. Abin da za ki nema wata ƙofa ce daban: sashe na 17 na dokar yara ta 1989, wanda ya ɗora wa ƙaramar hukuma taimakon yaro mai buƙata, yaro mai naƙasa kuma yana ciki kai tsaye. Ki rubuta musu ki nemi a tantance buƙatun yaron da naki na uwa mai jinya. Daga nan ake samun mai zuwa ya karɓe ki na 'yan sa'o'i, ko kuɗin ɗaukar mai taimako. Wannan ba ya cikin jerin da aka hana ki, haka asibiti da makaranta. Tun kafin ya shiga firamare ki nemi shirin EHC, wanda ke tilasta a tanadar masa taimako a aji.

Akwai kuma neman a cire miki sharaɗin gaba ɗaya, in gida ya shiga matsi ko jin daɗin yaro na cikin haɗari. Kyauta ne, amma da shekara ɗaya tak ta rage miki, ga dokokin zama ana ta taɓa su, ba zan ce ki taɓa shi ba sai lauyan shige da fice mai rajista ya ga takardunku ido da ido.

In amsar DLA ta zo da ƙi, ko da hawan da bai kai ba, kuna da wata ɗaya daga ranar wasiƙar ku nemi a sake dubawa, in ba ta canja ba ku ɗaukaka ƙara gaban kotun sauraron irin wannan, ba a biyan komai. Citizens Advice da ƙungiyar Contact suna taimakawa da cike fom kyauta. Ki tafi musu da littafin nan na gefen gado, kuma kafin a rufe ambulan ki ɗauki hoton kowane shafi da wayarki.