Ganyen tumatir na rawaya a cikin rumfa: yunwa ce ko ruwa ne?

Tambaya: Wani manomi daga Mirriya ya rubuto yana cewa: "Malam, ina da rumfar noma mai rufin leda, ina shuka tumatir a ciki don kasuwar Damagaram, ban ruwa na ɗigo-ɗigo ne daga foraji. Sababbin ganyen sama suna fitowa rawaya amma jijiyoyinsu kore shar, gindin ƴaƴan kuma yana yin baƙi yana lotsawa. Na ƙara takin ure da na 15-15-15, abin sai gaba yake yi. An ce in kai ƙasa da ganye ɗakin gwaji. Ya cancanci kuɗin da wahalar?"

Amsa: Ya cancanta, ɗan'uwa, amma kafin komai ka ɗaure bakin buhun ure ɗin nan. Yadda ka siffanta ganyen, ba na zaton azot, sinadarin da ure ke bai wa shuka, ne ya gaza. Ƙarancin azot daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa, kuma ganyen yakan koɗe gaba ɗaya har jijiya, domin shuka na kwashe azot daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Sinadarin ƙarfe ba ya yin wannan ƙaura. Shi ya sa in ya gaza, toho na sama ne ke rawaya, jijiya ta tsaya kore, daidai yadda ka faɗa.

Abin da ke ruɗa manoma shi ne, sau da yawa ƙarfen yana nan cikin ƙasa, saiwa ce ta kasa ɗauka. Hatsi ne cike da rumbu amma ƙofa a kulle. Abin da ke kulle ƙofar shi ne pH, ma'aunin da ke nuna ko ƙasa ta karkata ga tsami ko ga kanwa. Tumatir ya fi jin daɗi tsakanin 5.5 da 6.8, da zarar an haura 7, ƙarfe da fosfor sai su fara daskarewa. Mu kuwa a wannan yanki mun san kanwa, ko a kwarin Gidimuni ana ganin ta fari fat a fuskar ƙasa. Ruwan wasu rijiyoyin da foraji yana ɗauke da bikabonat da sodiyom ko da ya yi garau a ido, ya yi daɗi a baki.

A fili, damina na wanke abin da ya taru. A cikin rumfa ruwan sama ba ya shiga. Duk gishirin da ruwa da taki suka kawo, zafin Afrilu da Mayu ya ɗauke ruwan ya bar shi nan, shekara kan shekara. Ka duƙa ka dubi gefen da'irar da ɗigon ruwa ke jiƙawa: in ka ga farin zobe kamar an barbaɗa gari, shi ne. Ka dubi bakin ramukan tiyo ma. In akwai farin ɓawo, kankaro shi ka ɗiga masa ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa, kabonat ne.

Saboda haka ruwa za ka fara kaiwa gwaji, shi ne mafi arha kuma shi ne mafi yawan ba da amsa. Ka bar famfo ya yi gudu na ƴan mintuna, ka ɗauraye gora mai tsabta da ruwan sau uku, ka cika ta har baki, wajen lita ɗaya, ka rufe. Ka nemi a auna pH, da CE wato yawan gishiri, da bikabonat, sodiyom, kulorid, kalsiyom da magneziyom. A ma'aunin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ruwan da CE ɗinsa bai kai 0.7 dS/m (ma'aunin da ake rubuta CE da shi) ba babu damuwa, daga 0.7 zuwa 3 sai da lura, abin da ya wuce 3 matsala ce babba. Ni dai lambar bikabonat nake fara dubawa, domin ita ce ke tura pH na ƙasa sama a hankali, ko da pH na ruwan kansa bai tsorata kowa ba.

Ƙasa kuma ka ɗebo daga wurare 15 zuwa 20, zurfin santimita 20, inda saiwa take, ka cakuɗa a bokiti mai tsabta, ka ɗauki kimanin rabin kilo ka shanya a inuwa. Tumatir yakan fara rage amfani idan CE na ƙasa ya wuce 2.5, tattasai tun daga 1.5.

Ganye shi ne ke faɗin abin da ya shiga jikin shuka da gaske, kuma a nan ake yawan ɓata aiki. Ba a tsinko wanda ya fi muni ko wanda ya bushe. Ana ɗaukar ganyen da ya gama buɗewa kwanan nan, kamar na huɗu ko na biyar daga sama, daga tushe 20 ko fiye. Ka yi ƙunshi biyu, ɗaya daga layin da ke ciwo, ɗaya daga layin da ke lafiya, don kwatanta su ya fi kowace lamba amfani. A ambulan takarda za ka sa, kar ka sa a leda, in ba haka ba kafin mota ta kai Yamai ya dafe ya ruɓe. Kada ka ɗauka bayan feshin takin ganye. Ka tuntuɓi cibiyar binciken noma ta INRAN ta nan Zinder ko ma'aikatan gona na yankinku kan hanyar aikawa. INRAN na da ɗakin gwajin ƙasa a Yamai.

Baƙin gindin ƴaƴan kuwa kalsiyom ne bai isa ƙarshen ɗan tumatir ba. Kalsiyom da ruwa yake tafiya a jikin shuka, ganye kuma ya fi ɗan tumatir jan ruwa. In rumfa ta yi zafi, ko ban ruwa ya zama yau ambaliya gobe ƙishi, ko gishiri ya hana saiwa sha, ɗan ne ke asara. Ure ɗin da ka ƙara ya sa ganye ya yi yawa, ya kuma koma amoniyom da ke gasa da kalsiyom a bakin saiwa. Ka raba ban ruwa kashi-kashi a rana, kaɗan-kaɗan, ka buɗe gefen rumfa iska ta ratsa.

In sakamako ya nuna bikabonat da yawa, ana rage shi da asid na nitrik ko na fosforik a ruwan ban ruwa, amma ma'aikaci ya lissafa maka adadi, kuma kullum asid ake zubawa cikin ruwa, da safar hannu da tabarau. Takin ƙarfen da za ka saya ka duba a jikin leda an rubuta EDDHA, don mai EDTA ba ya riƙewa a ƙasar da ta haura 6.5. In gishiri ne ya taru, a wanke ƙasa da ruwa mai yawa tsakanin shuka da shuka, muddin ruwan na da hanyar zurarewa ƙasa. Kada kuma ka haɗa nitrat na kalsiyom da takin sulfat ko fosfat a tanki ɗaya da haɗi mai kauri, za su dunƙule su toshe tiyo.

Ka sayi ƴar na'urar hannu ta pH da CE kana aunawa kowane mako kana rubutawa. Ruwan forajin ka maimaita gwajinsa sau biyu a shekara, bayan damina da kuma tsakiyar bazara, lokacin da ruwa ya ja ƙasa.